Muna Raha da Zafi a Facebook, Zuciya Tana Jin Jiki a Ƙirji

Duk shekara, da zarar watan Maris ya raba, sai shafukanmu su cika da raha a kan zafi. Wani ya ɗora hoton ƙwai a kan murfin mota ya ce ya soyu. Wani ya rantse cewa ranar garinsu an matso da ita kusa. Wata ta rubuta cewa duk saurayin da ya zo zance da azahar a wannan yanayi, a ba shi kawai, ya ci jarrabawa. Mu yi dariya, mu tura wa abokai, mu wuce. Ni ma ina cikin masu yi, ba zan wanke kaina ba.

Amma tun bazarar bara dariyar ta daina yi mini daɗi, kuma dalilin ne nake so mu tattauna da kai yau, ɗan'uwa matashi, da ke, 'yar'uwa.

Akwai wani maƙwabcinmu, mai facin taya a bakin titi, shekarunsa hamsin da 'yan kai. Mutum ne mai ƙarfi, ban taɓa jin an ce ya kwanta ciwo ba. Wata rana a watan Afrilu ya wuni a rumfarsa ta kwano, ya dawo gida da la'asar yana cewa kansa na juyawa, ƙirjinsa kuma kamar an ɗora masa dutse. Aka ce ai zafi ne, kowa ma haka yake ji. Aka ba shi ruwan ƙanƙara, aka sayo masa maganin ciwon jiki a kyamis, ya sha ya kwanta. Daren babu wuta. Da asuba aka je tashinsa, sai gawa.

A wurin zaman makoki kalma biyu aka yi ta maimaitawa: "lafiyarsa ƙalau fa" da "kwana ne ya ƙare." Na yarda kwana ne ya ƙare, babu mai wuce ranarsa. Sai dai daga baya ɗansa, wanda sa'ana ne, ya faɗa mini cewa mahaifin nasa ya shekara uku da hawan jini, yana shan magani yau ya bari gobe. Kuma ya ce mini wata magana da har yanzu take cina: "Ina tsakar gida ina danna waya lokacin da yake cewa ƙirjinsa. Da na san abin da hakan ke nufi, da ko a kafaɗa na kai shi asibiti."

To ka ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, zafin bazara matsala ce ta zuciya kafin ya zama matsalar komai, kuma mu matasa masu waya a hannu mu ne ya fi kamata mu san haka, domin kanmu da domin waɗanda suka haife mu.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin jikinka idan rana ta take. Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya nemi wuce haka, dabara biyu jiki yake da su. Ta farko, ya buɗe ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, ya tura jini can don zafin ya fita. Ta biyu, ya fitar da gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Duka biyun nan, zuciya ce ke ɗaukar nauyinsu. Kana zaune ba ka komai a yanayi mai daɗi, zuciyarka tana harba jini kamar lita 5 a minti ɗaya. A zafi mai tsanani kuwa, jinin da ke tafiya fata kaɗai yana iya kaiwa lita 7 zuwa 8 a minti. Wato kana kwance a tabarma, amma zuciyarka tana aiki kamar ta wanda ke sassarfa.

Shi kuma gumi daga ina yake fitowa? Daga ruwan da ke cikin jininka. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda. Idan bai mayar ba, jinin ya ragu, ya yi kauri, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Jini mai kauri ya fi saurin daskarewa, kuma gudan jini idan ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, shi ne bugun zuciya, idan ya toshe ta ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Bayan ruwa, gumi yana tafiya da gishirin jiki, wanda da shi zuciya ke daidaita bugunta. Idan ya yi ƙasa sosai, sai bugun ya rikice.

Ka kwatanta da janareton gidanku. An ƙara masa lodi, an rage masa mai, ga shi an ajiye shi a rana, kuma ba a kashe shi ko da dare. Janareto kam sai ka huta da shi. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, ba ta da hutu. Ɗan sassaucin da take samu shi ne da dare idan gari ya yi sanyi. Idan ɗakin kwano ya riƙe zafi har asuba, ga babu wuta, ko wannan ɗan sassaucin ba ta samu ba, gobe kuma ta ɗora daga inda ta tsaya. Shi ya sa kwana uku ko huɗu a jere na zafi ya fi kwana ɗaya haɗari nesa ba kusa ba.

Na san abin da za ka ce: "Haba malam, mu da aka haifa a cikin rana? Ai Turawa zafi ke kashewa." Gaskiya ne zafi ya kashe Turawa. A bazarar 2003 mutum fiye da 70,000 suka mutu a Turai saboda shi, kusan 15,000 daga ciki a Faransa. Gaskiya ne kuma jikin da ya saba da zafi ya fi jurewa. Amma sabo yana da iyaka. A ranar 3 ga Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A kwana huɗun farko na watan, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya karɓi mutuwar mutum 102, alhali a Afrilun shekarar da ta gabace ta, watan gaba ɗayansa 130 aka samu. Kusan rabin waɗanda suka rasu sun haura shekara 60. Mutanen Mali ba Turawa ba ne. 'Yan Sahel ne irinmu, rana ɗaya ke dukanmu, kuma lokacin ana cikin azumi, ga matsalar wuta kamar tamu. A aikin Hajjin shekarar kuma, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mahajjata 1,301.

Bambancinmu da Turai shi ne su suna ƙirga gawarwakinsu, su rubuta sanadi. Mu yawancin mamatanmu a gida suke cikawa, a yi musu sutura kafin azahar, babu wanda ya rubuta komai. Rashin lissafi ba ya nufin rashin mutuwa. Ka tuna bazarar da ta wuce, sau nawa ka ji an ce "wane ya yanke jiki ya faɗi"? Sannan zafin da kakanninmu suka saba da shi ba shi muke sha yanzu ba. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa kafin ita zafi a duniya. Su kuma kakannin namu a ɗakin ƙasa mai kaurin bango suke kwana, ko a soro, ga itatuwa a ƙofar gida. Mu mun koma bulo da kwano, mun sare darbejiyar mun gina shago.

Wata maganar da nake yawan ji ita ce, ciwon zuciya na tsofaffi ne da masu kuɗi. Samuel Okwaraji yana da shekara 25 lokacin da ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989, yana buga wa Najeriya wasa da Angola. Zuciya ce. Marc-Vivien Foé na Kamaru yana da shekara 28 lokacin da ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a watan Yunin 2003, ana tsakiyar wasa da Kolombiya. Binciken gawa ya nuna yana da kaurin tsokar zuciya. Waɗannan 'yan ƙwallo ne da suka fi ni da kai lafiya a ido. Ban kawo su don in ce zafi ne ya kashe su ba. Na kawo su don ka gane cewa matashi yana iya yawo da matsala a zuciyarsa bai sani ba, sai ranar da aka matsa mata. Zafi kuwa yana cikin manyan masu matsa mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wa ya duba naka bangon?

Ka duba yadda masu ƙwallon duniya suke yi. Tun gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil aka fara tsayar da wasa a ba 'yan wasa hutun shan ruwa idan zafi ya yi yawa. Gasar 2022 ta Ƙatar kuwa, ɗungurungum aka ɗage ta daga tsakiyar shekara zuwa Nuwamba da Disamba saboda zafi. Mutanen da ke da likitoci a gefen fili ke nan. Mu kuma sai mu sa wasan unguwa ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, a fili mai rairayi, babu ko jarkar ruwa, wanda ya ce ya gaji a ce masa rago. Wannan ba jarumta ba ce wallahi, ganganci ne. A mayar da wasa bayan la'asar sakaliya ko da sassafe, me zai ragu? Haka masu zuwa ɗaga ƙarfe a ɗakin da ko taga babu, da masu gudu da rigar leda wai don su rage tumbi. Abin da kake zubarwa ruwa ne ba kitse ba, kuma zuciyarka ce ke biyan bashin.

Sai abin da muke zuba wa cikinmu. Nan ne zan taɓa mu, a yi haƙuri. Ɗan adaidaita sahu ko ɗan acaɓa ya fito tun safe, rana ta buɗe, maimakon ruwa sai ya sayi lemon ƙara kuzari mai sanyi, ya ƙara na biyu da azahar, na uku da yamma. Lemon nan cike yake da sukari da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin kofi da goro, wanda ke sa zuciya sauri. Ka ga an samu zuciyar da zafi ya riga ya sa ta gudu, an kuma zo ana yi mata bulala. Wani ma har ya haɗa da tiramol don kada ya ji gajiya. To gajiya ai saƙo ce. Jiki ne ke ce maka tsaya. Wanda ya kashe saƙon bai kashe matsalar ba, kamar direban da ya ga jar fitila ta kama a gaban motarsa ne sai ya liƙe ta da salatif ya ci gaba da tafiya. Sigari da shisha su ma haka, suna ƙara saurin bugun zuciya, suna matse jijiyoyi, hayaƙin gawayin shisha kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka. Giya tana ƙara fitar da ruwa daga jiki. Duk waɗannan suna da illa ko da sanyi, amma a bazara illar ninkuwa take.

Akwai kuma maganin ciwon jiki da muke sha kamar gyaɗa, irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Idan jiki ba ruwa, waɗannan suna iya taɓa ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini. Ciwon kan da kake ji da rana, sau da yawa ƙishirwa ce ta sa riga. Fara da ruwa da inuwa tukuna.

Nawa za ka sha? Kada ka jira sai ka ji ƙishi, kuma kada ka tsaya ƙirga kofi. Ka duba fitsarinka. Idan fari-fari ne, kana kan hanya. Idan ya yi ja kamar shayi, ko ka wuni ba ka zaga ba, jikinka na bin ka bashi. Ka riƙa sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya fi ka ɗaga jarka sau ɗaya. Kankana, kokwamba, lemon zaƙi, fura da nono, kunun aya da zoɓo marasa sukari da yawa, duk suna taimakawa. Wanda ya wuni yana zubar da gumi a gona ko wurin gini, ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kyamis yana mayar masa da abin da ya rasa. Amma kada wani ya fake da wannan ya ce a ƙara gishiri a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da dunƙulen da ke cikin miya, da yajin tsire, da garin ɗanɗanon indomi, duk a cikin lissafin suke. Yawancinmu mun riga mun wuce.

Yanzu mu zo kan waɗanda suka fi mu shiga haɗari, don a nan ne aikinka yake. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba, domin ciwo ne marar hayaniya. Ka ƙirga manyan gidanku: Baba, Umma, Kawu, Gwaggo, Hajiya kaka. Lissafi ya nuna da wuya a ce babu ko ɗaya. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar yaro, ba ya gumi sosai, kuma tsofaffinmu ba sa son su dami kowa. Hajiya za ta zauna a ɗaki tana haki ta ce maka "ba komai, ɗan nan." Kai ne za ka ƙi yarda da "ba komai" ɗin.

Ka san magungunan da suke sha? Ɗauko kwalin ka duba. Akwai maganin hawan jini da na zuciya da ke sa yawan fitsari, wanda a zafi yana iya ƙarar da ruwan jiki. Akwai wanda ke rage saurin bugun zuciya, sai jiki ya kasa tura jini fata yadda ya kamata. Wannan ba dalilin daina shan magani ba ne, ka ji ni da kyau. Daina maganin hawan jini da ka ya fi zafin haɗari. Abin yi shi ne ka raka su wurin likita a farkon bazara, a auna jini, a tambaya ko akwai abin da za a gyara. Haka wanda zuciyarsa ta riga ta yi rauni har ƙafafunsa na kumbura, ko mai ciwon ƙoda, shi ba a ce masa ya yi ta shan ruwa, likita ne ke ƙayyade masa. Idan azumi ya faɗo a zafi, mai irin wannan lalura ya ji ta bakin likita, addini ma ya yi wa marar lafiya rangwame. Magungunan kuma kada a bar su a cikin mota ko kan taga, zafi yana lalata su.

Awon jini ba ya cin minti biyar, kuma kyamis da yawa suna yi. Idan ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka a awo daban-daban, to a ga likita. Kai da ke sayen data duk mako, ku haɗa kuɗi da 'yan'uwanka ku sayi na'urar awon jini ku ajiye a gida. Ta fi atamfar Sallah amfani ga Umma, ko da ba za ta faɗa ba. Kai ma ka miƙa hannunka a auna, ba a jiran sai an yi furfura.

'Yan'uwa mata, akwai wadda ta shafe ku kai tsaye. Mai ciki zuciyarta tana aikin mutum biyu, mai jego kuma tata ba ta gama komawa daidai ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka kuma danganta abin da kunun kanwa mai yawa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Amma ko a hankalce, a ɗauki macen da ta haihu jiya, a watan Afrilu, a yi ta gasa ta safe da yamma, a ɗura mata kanwa wadda gishiri ce, ai an haɗa wa zuciya aiki. Ba raina al'ada nake ba, iyayenmu don ƙauna suke yi. A sassauta ruwan ya zama mai ɗumi, a rage kanwar. Idan mai jego ta fara haki, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, ko ƙafafunta sun kumbura, ba "jego ne" ba, asibiti za a nufa.

Ga alamomin da nake roƙonka ka haddace kamar lambar wayarka. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman idan yana tafiya hannun hagu, wuya, muƙamuƙi ko baya, tare da gumi mai sanyi ko ɗaukewar numfashi: wannan a ɗauke shi bugun zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Mutane da yawa sun tafi ana ba su maganin olsa. Mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani, tashin zuciya da haki. Idan kuma baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce ke sallama. A yi addu'a a mota, a hanyar asibiti. Kowane minti yana da daraja.

Shi kuma wanda rana ta buga, matakinsa biyu ne. Na farko, jiri, ciwon kai, gumi sharkaf, murɗewar nama, amma yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Na biyu shi ne mai kisa: jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya suma. A nan zafin jikinsa ya kai digiri 40 ko ya wuce. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita, a sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a wuya, hammata da matsematsi, ana yi ana neman mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai iya shaƙewa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Idan kuma mutum ya faɗi ba ya numfashi, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. Irin wannan ɗaukin gaggawa, tare da na'urar farfaɗo da zuciya, shi ya ceci Christian Eriksen na Denmak da ya faɗi a fili a watan Yunin 2021, duniya tana kallo. Mu kuwa idan mutum ya faɗi, abin da muke fara ɗagawa waya ce, mu ɗauki bidiyo. Subhanallah.

Na san wani zai ce, "Duk wannan maganar masu AC ce. Ni idan ban fita rana ba, me zan ci?" Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ba. Mai turin baro da mai tallan ruwan leda da lebura ba su da zaɓin zama a inuwa. Amma ko a cikin rashi akwai dabara. Aiki mai nauyi a tura shi safe da yamma gwargwadon iko, manoma sun daɗe da sanin wannan. A riƙa ɗan fakewa a inuwa ko na minti goma ne. Hula ko malafa, tufa mai haske marar matsewa, gora a kusa. Da dare a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a kwana a waje cikin gidan sauro inda tsaro ya bari, a jiƙa zani a rufa. Fanka ma idan zafin ɗaki ya haura digiri 40 iska mai zafi kawai take watsa maka, sai ka jiƙa jikinka tukuna take amfani.

Sauran kuma haƙƙi ne a kan hukuma, kuma mu ne za mu tambaya. Saudiyya tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 a watannin zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300, ya fito da tsari a 2013: gargaɗi tun kafin zafin ya iso, ruwan sha a wuraren taruwar jama'a, horar da ma'aikatan asibiti, daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don ya mayar da rana. Babu abin da ya fi ƙarfin jihohinmu a nan. Hukumar NiMet tana fitar da gargaɗin zafi, amma sau nawa ka gan shi da Hausa a wayarka? Sau nawa kai ka tura shi? Me zai hana a sauya lokacin tashin makarantu a makonnin da zafi ya fi tsanani, a sa rumfa da randa a tashoshin mota da kasuwanni, a tabbatar asibitoci suna da wuta, a hukunta mai sare bishiyar bakin titi? Idan za mu iya kwana uku muna faɗa a kan fim ko ƙwallo har abin ya zagaye ƙasa, za mu iya yin haka a kan wannan.

Ban ce a daina raha ba. Raha ma tana rage zafi, kuma mu Hausawa da ita muke cinye wahala. Amma yau idan ka gama karanta wannan, kafin ka koma kan bidiyon da ka bari, tashi ka leƙa ɗakin Hajiya. Taɓa jikinta, duba ko akwai ruwa kusa da ita, buɗe mata taga. Tambayi Baba yaushe rabonsa da awon jini, kuma kada ka karɓi "lafiyata ƙalau" a matsayin amsa. Idan suna wani gari, kira su da azahar, lokacin da rana ta fi tsanani, ka saurari numfashinsu a waya. Sannan kai ma ka sha ruwa.

Abokin nan nawa, ɗan mai faci, yanzu shi ke zaune a rumfar mahaifinsa. Ya sa buhu a ƙarƙashin kwanon, ya ajiye randa a gefe, duk wanda ya tsaya sai ya miƙa masa moɗa kafin ya taɓa taya. Ya koya, amma da tsada ya saya. Kai ga shi ka samu kyauta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu damina da iyayenmu a raye.